Zan tafi karatu Ingila, oga ya ce in ci gaba da aiki daga can

Bilki Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu gurbin digiri na biyu a Ingila, Satumba za a fara. Ina yi wa wani kamfani na Abuja aikin lissafin kuɗi, dama daga gida nake yi, nan Katsina. Oga ya ce kada in aje, in tafi da kwamfutata, albashi zai ci gaba da shiga asusuna na Najeriya da naira. Aikin kan ci mani awa 30 a sati, bizar ɗalibi kuma awa 20 ta yarda a yi lokacin karatu. Shin wannan aikin yana cikin awa 20 ɗin, ko ba ruwansu tunda kamfanin ba nasu ba ne? Wanda ya zauna Ingila nake son ji daga bakinshi.

Abban Sadiq: Allah ya sanya alheri ƙanwata. Nan Kanada awa 24 ne, kuma aikin da kike wa kamfanin waje ta intanet ba a lissafa shi ciki. Yi abinki hankali kwance.

Bilki Ƙofar Ƙaura: Na gode Yaya, amma Ingila na ce.

Maman Walida: Da kin sauka ki nemi aikin kula da tsofaffi, shi ke riƙe ɗalibai. Kuma ki tafi da kuka da daddawa da yawa.

Ɗan Kusugu: Ƙanwata, ni na yi abin nan da kike shirin yi, ki saurare ni. Farkon 2023 na tafi, ogana ya yi mani irin wannan alkawarin, har da rantsuwa. Lokacin albashina na biyan haya. Watan Yuni aka saki naira, kafin a shiga 2024 da nisa fam ɗaya ya kai naira 2,000. Albashin da nake taƙama da shi ya koma kuɗin bas da burodi.

Amma ba kuɗin ne suka fi ci mani rai ba. Agogonmu da nasu kusan ɗaya ne, lokacin sanyi awa guda ce tsakani, lokacin zafi babu ko minti. Wato sa'ar da malami ke aji, ita ce sa'ar da oga ke kiran taro. Sai in fita in ɗaga waya a bakin ƙofa. Makaranta kuma tana ɗaukar sunan masu zuwa aji, don doka ta ɗora mata kai rahoton wanda ya daina zuwa. Aka aiko mani takardar gargaɗi. Na faɗi darasi ɗaya. Ana cikin haka kamfanin ya rage mani albashi, wai ai yanzu ina Turai, ba ni da buƙata. Kashi na biyu na kuɗin makaranta ya gagara, suka rufe mani shafina, ko laburare ba na shiga. Sai da mahaifina ya saida gonarshi ta hanyar Sandamu. Har yau idan na bi ta wurin ba na iya waiwayawa.

Hajiya Rabi GRA: Innalillahi. Allah ya maida alheri, ya saka wa Baba.

Malam Lawal Rafindadi: Bilki, ga amsar tambayarki. A Ingila ba a duba inda kamfani yake, inda kike zaune lokacin da kike aikin ake dubawa. In kina cikin ƙasar, yana cikin awa 20 ɗin, ko da naira aka biya ki. Na biyu ya fi haɗari: in ba cikakkiyar ma'aikaciya ba ce ke, kwantiragi ake ba ki kina turo takardar neman biya, to kin zama mai aikin kanki, bizar ɗalibi kuwa ta hana wannan gaba ɗaya. Ki duba bayanin UKCISA, ƙungiyar da ke ba ɗaliban waje shawara a can, sannan ki rubuta wa ofishin ɗaliban waje na makarantarki, su ba ki amsa a rubuce. Kyauta ne.

Sani Filin Samji: Malam, wa zai sani? Kuɗi na shiga banki a Katsina, ita tana ɗakinta. Abokaina uku suna yi, ba abin da ya same su.

Malam Lawal Rafindadi: Ranar neman bizar bayan kammala karatu fa? Abin da ta ɓoye in ya fito, ƙarya ce ta yi wa hukuma.

Sani Filin Samji: Kai ka taɓa zama can ne, ko karantawa ka yi?

Ɗan Kusugu: Sani, kai da iyakar tafiyarka Kongolam, nan bakin iyakar Nijar, ka bar Malam ya yi magana.

Auwal Mai Shayi: Ai Kongolam ɗin ma ƙasar waje ce, ya ci taliyar Nijar ya dawo.

Maman Walida: A bar wasa. Ki lissafa haya tukuna. Ƙanena fam 420 yake biya ɗaki ɗaya, har da wuta.

Ɗan Kusugu: A wane gari Hajiya? Ni 650 na biya, bayi ɗaya mu biyar.

Abban Sadiq: An ce mani ƙasa da 800 ba ka samu yanzu.

Malam Lawal Rafindadi: London daban, sauran garuruwa daban. Kada kuma ta manta kuɗin lafiya, fam 776 a shekara, tare da kuɗin biza ake biya. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu, in ba na bincike ba ne, ba ya tafiya da iyali.

Bilki Ƙofar Ƙaura: To Malam, in na roƙi oga ya maida aikin awa 15 fa, ya rubuta mani a takarda? Lokacin hutu kuma ya ake ciki?

Hajiya Rabi GRA: Ni abin da ke damuna ma 'yan uwa ne. Ɗana yana wanke kwanoni a gidan abinci, sai dare ya raba yake dawowa, amma duk sati sai wani ya kira shi, wannan kuɗin suna, wancan waya yake so. Wata har gida ta biyo ni, wai ya samu duniya ya manta da dangi.

Ɗan Kusugu: Wallahi Hajiya kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Watan da aka saida gonar nan, wani ɗan kawuna ya turo mani lambar asusu, wai in taimaka mashi da kuɗin lefe.

Maman Walida: Ki ba ka bayar a ce ka canza. Mu har biki aka daina gayyatarmu.