Asabar ɗin 17 ga Janairu 2015: ku faɗa wa yaranmu abin da kuka gani

Malamar ajin Lahadi, Yamai: Salama gare ku 'yan'uwa. Muna karatun Romawa sura 5 da yara, inda Bulus ke cewa wahala takan haifi jimiri, sai wata yarinya ta ce, "Malama, ke kin taɓa shan wahala saboda Yesu?" Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram ranar Juma'a, washegari kuma a nan Yamai, kan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa. Mutum 10 suka rasu, 'yan sanda suka ƙirga majami'u 45 a Yamai kaɗai. Wanda ya gani da idonsa, don Allah ya ba mu labari.

Dattijo daga unguwar Bukoki, Yamai: 'Yata, kin yi tambaya mai kyau. Mu da safiyar Lahadi muka koma majami'armu, bango ya yi baƙi, kwanon rufi ya lanƙwashe, bencina sun zama gawayi. Muka share toka, muka shimfiɗa tabarmi cikin sanyin hunturu. Ba ganga, ba lasifika, littattafan waƙa duk sun ƙone, da ka muka rera. Fasto ya ce mu yi addu'a domin waɗanda suka sa wutar. Wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Na yi shekaru ina faɗin "ka gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi", amma ran nan ne na san nauyin maganar. Sai da aka kai Ista kafin zuciyata ta sake su.

Uwar 'yan biyu, unguwar Harobanda, Yamai: Baba, ni kam maƙwabciyata Hajiya ce ta ja mu cikin ɗakinta, ta yafa mini mayafinta, mijinta ya zauna bakin ƙofa da carbinsa har magariba. Ki gaya wa yara wannan ma, Malama. Kada su tashi da ƙiyayya. Allah ya aiko mini taimako ta hannun Musulma, tun daga nan na daina yi masa shawarar ta inda zai cece ni.

Tela, Tawa: Ina Yamai lokacin ina koyon ɗinki. Gaskiya ni ban ƙarfafa nan take ba, tsoro ne ya kama ni, na tattara na dawo Tawa, na daɗe ban taka majami'a ba. Yayana ne ya riƙa zuwa shago da dare muna karanta Ayuba da Zabura. Bai taɓa yi mini faɗa ba. A faɗa wa yara cewa akwai waɗanda suka raunana kafin su tashi.

Dattijo daga Bukoki: Ɗana, Bitrus ma ya yi musun Ubangiji sau uku. Sannu da dawowa.

Malamar ajin Lahadi: Na gode ƙwarai. Baba, ko za ka zo ajinmu Lahadi mai zuwa bayan sujada ka ba su da bakinka? Mama, in Hajiya za ta yarda, ku zo tare.

Uwar 'yan biyu: Hajiya ta tsufa, ƙafa na damunta, amma zan tambaye ta. In ba ta iya ba, sai mu kai mata yaran gida su gaishe ta.