Zaɓen gwamnan New York na 1792: wa jama'a suka so, Clinton ko Jay?

Malam Bello: Ni dai ina nan kan bakana, John Jay ne ya ci zaɓen nan, ƙwace aka yi masa. Sakamakon da aka bayyana, George Clinton 8,440, Jay 8,332. Ratar ƙuri'a 108 kacal, kuma sai da aka soke ƙuri'un gundumomi 3, Otsego da Tioga da wata mai suna Clinton, kafin aka kai ga wannan adadi.

Hauwa: A gafarce ni Malam, ba haka kawai aka soke su ba. Doka ta ce babban jami'in tsaron gunduma ne zai miƙa akwatin ƙuri'u ga sakataren jiha. Na Otsego kuwa wa'adinsa ya ƙare, wanda zai gaje shi bai karɓi aiki ba. Kwamitin tantance ƙuri'u doka ya bi.

Malam Bello: To laifin manomin da ya baro gonarsa ya zo ya kaɗa ƙuri'a ne? Jami'i ya yi sakaci, sai a hukunta mai zaɓe?

Usman: Ina tare da Malam a nan. Kwamitin ma bai zama baki ɗaya ba, 7 ne suka rinjayi 4. Da aka nemi shawarar sanatoci biyu da ke wakiltar jihar a majalisar dattawan Amurka, Rufus King ya ce a ƙirga, Aaron Burr ya ce a soke. Kowa ɓangarensa ya kare. Abin da ya fi min ciwo, an ƙona ƙuri'un, babu damar komawa a duba.

Hauwa: Yaya Usman, ita ma Otsegon ba a yi zaɓe tsakani da Allah ba. An zargi alƙali William Cooper, mai ɗimbin filaye a yankin, da tursasa wa mutane su zaɓi Jay. Wanda attajiri ke bin sa kuɗin gona, ya kuma tsaya masa a kai ranar zaɓe, anya son ransa ya zaɓa?

Usman: Zargi ne, ƙanwata. Majalisar jiha ta bincika, ba ta tsige shi ba.

Baba Isa: 'Ya'yana, ku dakata. Kuna ta cewa jama'a, jama'a. Wace jama'a? Ƙidayar 1790 ta nuna mutanen jihar sun kai kusan 340,000, amma ƙuri'un da aka ƙirga ba su cika 17,000 ba. Sai namijin da ya mallaki ƙasa ta fam 100 ke zaɓen gwamna. Mata ba su ciki, bayi ba su ciki, ɗan haya ma haka. Wannan ya fi damuna fiye da batun akwatunan.

Malam Bello: Gaskiyarka Baba, amma ko cikin masu hannu da shunin Jay ke da rinjaye. Bayan shekara 3, a 1795, an zaɓe shi gwamna alhali bai ma dawo daga Ingila ba.

Hauwa: Ai Clinton bai tsaya takara ba a 1795, Malam, Robert Yates ne Jay ya kayar. Kuma mutumin da aka yi ta zaɓa tun 1777, aka sake dawo da shi a 1801, ba za a ce jama'a ba sa son sa ba.

Malam Bello: Ban ce ba sa son sa ba, 'yata. Na ce a 1792 ɗin nan ba shi suka zaɓa ba, kuma da ya yarda a sake zaɓen Otsego da yau ba ma wannan musu.