Ƴan jaridar wasannin bidiyo da ke komawa ƙera wasanni: me aikin jarida yake ba su?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram, inda nake gabatar da shirin mako-mako a kan wayoyin hannu da intanet, kuma nakan keɓe ƴan mintoci domin wasannin bidiyo, saboda samarin da ke cika rumfunan PlayStation na Zango da Sabon Gari ba sa gajiya da bugo waya suna tambaya. Domin shirya wannan sashe nakan karanta sharhin da jaridun Turai da na Amurka suke yi, kuma na lura cewa marubutan da na saba da alƙalaminsu sukan ɓace ɗaya bayan ɗaya, daga baya sai in ga sunan mutum a jerin ma'aikatan da ke fitowa a ƙarshen wani wasa, a matsayin marubucin labari ko mai tsarawa.

Abin da nake son masu sani su fayyace mini shi ne, shin yawan buga wasanni da rubuta sharhi a kansu yana koya wa mutum yadda ake ƙera su, ko kuwa sanayya ce da kamfanoni take buɗe musu ƙofa? Idan sanayya ce, to wane irin amana za a ba sharhin mutumin da yake fatan kamfanin da yake yi wa hukunci ya ɗauke shi aiki gobe? Ba zan ɓoye ba, ni ma abin yana raina, ko da yake na san ba mu da irin waɗannan kamfanoni a kusa da mu, don haka ina son jin ko akwai darasin da ya shafi mai zaune a Zinder.

Malam Na-Zango ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka lura da shi ba sabo ba ne, ya kusa tsufan sana'ar kanta. A Japan, Yuji Horii marubuci ne mai zaman kansa da ke rubutu a mujallar Shonen Jump kafin ya shiga gasar da kamfanin Enix ya shirya a 1982 da wani ɗan wasan tanis da ya haɗa da kansa, kuma daga wannan dangantaka ce Dragon Quest ya fito a 1986. Satoshi Tajiri shi ma da ƙaramar mujallar masoya wasanni ya fara, mai suna Game Freak, wadda ta rikiɗe ta zama kamfani a 1989, kamfanin da ya fitar da Pokémon a 1996.

Amma misalin da ya fi amsa tambayarka shi ne na Greg Kasavin. Ya yi kimanin shekara goma a shafin labaran wasanni na GameSpot har ya zama babban edita, sannan a farkon 2007 ya ajiye wannan kujera ya tafi reshen kamfanin Electronic Arts na Los Angeles. Ka duba muƙamin da aka ba shi a can: mataimakin furodusa a wasan Command & Conquer 3. Mutumin da jiya kamfanoni suke fargabar makin da zai ba su, yau ya koma yana bin diddigin jadawalin aiki a ƙarƙashin wasu. A can ne ya san Amir Rao da Gavin Simon, waɗanda suka kafa Supergiant Games a 2009, daga baya ya bi su ya rubuta labarin Bastion da ya fito a 2011, sai Transistor a 2014, Pyre a 2017, da Hades a 2020, wanda ya zama wasan bidiyo na farko da ya sami lambar yabo ta Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya da almara, a 2021. Tsakanin barin jarida da Bastion akwai shekara huɗu na koyon aiki, kuma masu ba da labarinsa sukan tsallake waɗannan shekaru kamar ba a yi su ba. Haka Luke Smith, wanda ya bar shafin labaran wasanni na 1UP ya shiga kamfanin ƙera wasanni na Bungie a 2007: aikinsa na farko shi ne hulɗa da masu buga wasannin kamfanin da rubuta musu sanarwa, sai bayan shekaru ya kai ga jagorantar Destiny 2 da ya fito a 2017.

Ra'ayina shi ne sharhi yana ba mutum abu biyu masu daraja, wato ido mai gane inda wasa ya gundiri mai bugawa, da kuma horon rubutu a kan lokaci ba tare da jiran ilhama ba. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka tsallaka suka shiga ta ƙofar rubutun labari, kamar Rhianna Pratchett da ta fito daga mujallar PC Zone ta rubuta Tomb Raider na 2013, ko Anthony Burch da ya bar shafin Destructoid ya rubuta Borderlands 2. Abin da sharhi ba ya koyarwa shi ne dalilin da ya sa aibin ya kasance. Mai sharhi zai rubuta cewa matakin ƙarshe na wasa ya yi gajarta, ya wuce abinsa, amma mai ƙerawa ne ya san cewa kuɗi ne suka ƙare, ko kuwa an yanke rabin matakin domin na'urar ba za ta iya ɗaukarsa ba. Mai kawo rahoton kokowa a rediyo zai iya gaya maka tun kafin a faɗi cewa wane ya saki ƙafarsa ta hagu, amma wannan sani bai isa ya ɗaura masa warki ya shiga fili ba.

Hajiya Mai Alƙalami ta amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan koyon aiki, amma ya bar tambaya ta biyu, wadda a wurina ita ce mai nauyi, domin na daɗe ina horar da matasan ƴan jarida kuma na ga irin wannan a fagen siyasa, inda mai ɗauko rahoto yakan wayi gari ya zama kakakin wanda yake ɗauko wa rahoto.

Jaridun wasanni suna cikin wani hali na musamman, saboda kamfanin da ake yi wa sharhi shi ne mai ba da kwafin wasa kafin fitowarsa, shi ne mai tsayar da ranar da aka yarda a buga sharhin, shi ne mai gayyata zuwa baje-koli, sannan sau da yawa shi ne mai sayen filin talla a shafin. A watan Nuwamba na 2007 aka sallami Jeff Gerstmann daga GameSpot jim kaɗan bayan ya ba wasan Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da tallar wasan ta lulluɓe shafin, kuma a 2012 shi da kansa ya tabbatar cewa matsin lambar masu talla a kan shugabannin shafin na cikin abin da ya jawo sallamar. Idan haka lamarin yake ga wanda bai nemi komai a wurin kamfani ba, ina ga wanda ya riga ya aika musu takardar neman aiki?

Ban ce duk wanda ya tsallaka ya sayar da alƙalaminsa ba, kuma ba ni da hujjar zargin ko ɗaya daga cikin waɗanda Malam ya ambata. Haɗarin ba cin hanci ba ne, sassauci ne da ke shigowa a hankali, inda mutum zai rage kaifin jimla ɗaya yau, gobe ya fasa bin labarin yadda ake tilasta wa ma'aikata aikin dare da rana gab da fitar da wasa, domin kada ya ɓata da waɗanda yake son zama a cikinsu. Maganin da sana'a ta sani ɗaya ne: daga ranar da ka fara magana da wani kamfani a kan aiki, ka sanar da editanka, ka janye hannu daga duk abin da ya shafe su. Kai kuma ɗana, ranar da ka fitar da wasa naka, kada ka tallata shi a shirinka kamar labari ne ka tsinto. Ka gaya wa masu sauraro cewa naka ne, ko ka bar wani abokin aiki ya yi maka tambayoyi.

Sannan a yi wa waɗannan marubuta adalci, yawancinsu ba kwaɗayi ne ya fitar da su ba, gidan ne yake rushewa a kansu. A 2023 jaridar Washington Post ta rufe sashenta na wasanni mai suna Launcher, kamfanin Vice ya rufe nasa mai suna Waypoint, kuma a watan Agusta na 2024 kamfanin sayar da wasanni na GameStop ya rufe mujallar Game Informer bayan shekara 33 tana fitowa, sai a 2025 wasu suka saye ta suka farfaɗo da ita.

Injiniya Kara-Kara ya amsa:

Ina neman afuwar Malam da Hajiya, amma ina ganin mun yi nisa da Zinder. Ni ɗalibi ne da na gama Jami'ar André Salifou, kuma ina rubuta ƙananan manhajoji na waya, don haka zan yi magana a kan abin da hannu zai iya kaiwa.

Da farko, inda ake gudu zuwa ma ba tudun mun tsira ba ne. An ƙiyasta cewa fiye da mutum 10,000 suka rasa aiki a masana'antar wasanni a 2023, a watan Janairu na 2024 kuma Microsoft kaɗai ya sallami 1,900 daga sashensa na wasanni. Kamfanin da yake korar ƙwararrun da suka shekara goma a cikinsa ba zai nemo mai sharhi daga Nijar ba, wannan gaskiya ce ko da ba ta da daɗi. Ko a nahiyarmu, kamfanonin da suka yi suna kamar Maliyo Games na Legas, Leti Arts na Gana, da Kiro'o Games na Kamaru da ya fitar da Aurion a 2016, ƙanana ne, kuma masu su ne suka kafa su da kansu.

Saboda haka misalin da ya dace da kai, yayana, shi ne Tom Francis na mujallar PC Gamer a Ingila. Bai ajiye aikinsa ba, kuma bai jira wani ya gayyace shi ba. Ya sayi manhajar GameMaker, ya riƙa haɗa wasansa mai suna Gunpoint a ranakun hutu har kimanin shekara uku, ya nemi masu zane da masu kiɗa ta hanyar sanarwa a shafinsa, kuma sai a 2013, shekarar da wasan ya fito, ya bar mujallar. Abin da jarida ta ba shi shi ne iya bayyana wa jama'a abin da wasan ya ƙunsa cikin ƴan kalmomi, da kuma masu karatu da suka riga suka san shi. Kai ma kana da irin wannan jari, domin kana da masu sauraro kuma ka san abin da ke sa yaro ya ajiye waya bayan minti biyu.

Kayan aikin ba su da tsada. Godot, injin haɗa wasanni, kyauta ne, ba shi da nauyi, yana tashi a tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, kuma da zarar ka sauko da shi ba ya bukatar intanet, wanda abu ne mai muhimmanci ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Idan labari ne ƙarfinka, Twine yana ba ka damar haɗa wasan zaɓi na rubutu zalla ba tare da ka iya rubuta manhaja ba. Ana iya ɗora wasa kyauta a shafin wasanni na itch.io, rajistar Google Play kuma dalar Amurka 25 ce sau ɗaya. Matsalar da za ta fi damunka ita ce wuta da zafi: a watan Afrilu kwamfutata takan yi zafi har sai na ɗora ta a kan bulo biyu domin iska ta ratsa ƙasanta, kuma na koyi adana aiki kowane ƴan mintoci saboda ɗaukewar wuta. Shawarata ita ce kada ka fara da tarihin Sarkin Damagaram Tanimun da dawakai da ganuwa, duk da na san nan zuciya take zuwa. Ka fara da dara a waya, mutum biyu a kan allo ɗaya, ka kai shi fadarku lokacin shayi, ka miƙa wa abokai wayar ka yi shiru kana kallon inda yatsunsu suke kuskure.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya, na karɓi sharaɗin bayyana wa masu sauraro, zan kuma sanar da shugaban sashenmu tun kafin in fara. Injiniya, maganar dara ta shige ni, sai dai ban iya zane ba ko kaɗan, kuma ina tsoron kada in tara mutane a kan aikin da babu kuɗin biyansu.

Malam Na-Zango ya ƙara da cewa:

Kada rashin zane ya tsayar da kai, domin dara ba ta bukatar fiye da ramuka talatin, layi biyar sau shida, da ƴaƴa iri biyu, goma sha biyu ga kowane ɗan wasa, waɗanda da'ira da murabba'i sun isa su wakilta har sai dokokin sun zauna. Aikin da zai ci maka lokaci shi ne koya wa manhajar ta gane jeri uku, ta hana jera uku a lokacin zuba ƴaƴa, ta kuma ba wanda ya ci damar ɗauke ɗan abokin karawarsa. Tun da dokokin sukan ɗan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, ka zauna da dattawan da ke bugawa a bakin Kasuwar Dole ka rubuta nasu a takarda kafin ka taɓa kwamfuta, wannan kuwa hira ce irin wadda ka saba yi kullum. Mai zane sai ka neme shi bayan wasan ya fara tafiya, kamar yadda Francis ya yi, kuma ku rubuta yarjejeniyar rabon abin da za a samu tun ranar farko, ko da kuna ganin babu abin da zai shigo.