Don Allah me zan riƙa sa wa Inna a ƙarƙashin robar hannu?

Salama alaikum jama'a, shawara nake nema. Innarmu ce ta zame a bakin rijiya ta bugu a wuyan hannu, a asibiti suka ba ta robar nan mai maɗauri aka ce ta yi sati 6 da ita, sai wanka kawai take cirewa. To wata 'yar safa mai laushi da suka haɗo mata da ita wanki uku ta yi ta saki, yanzu robar ke gurzar fata, ga zafin nan na Ringim, zufa ta taru har ƙuraje sun feso mata a gindin babban yatsa.

Na yanka safar ƙafa ta gwanjo na huda wajen yatsa, ashe roba ce a cikin zaren, ƙaiƙayi ya hana ta barci. Bandeji kuma naɗewa yake ya dunƙule ya danne wajen, kuma saye kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne wallahi.

Akwai wanda ya san sunan safar nan a kemis, ana sayar da ita da yadi? Ko in na samo yadin singileti na auduga zalla a Kantin Kwari tela zai iya ɗinka mana guda 4, ɗinkin ta waje? Ranar Asabar zan shiga Kano.