Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira “Algal Bloom”?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu nazarin harshe da masu kiwon kifi. Tambayar da ta tara mu ta fito ne daga wani ɗan'uwa a nan birnin Kano da yake fassara takardar wayar da kai ga manoman da suka haƙa ƙananan kududdufai a gonakinsu na bayan gari, irin waɗanda ake gani a wajejen Kumbotso da Kura da Dawakin Kudu, inda ake kiwon tarwaɗa da karfasa, a shayar da dabbobi, a kuma yi ban-ruwan lambu da rani. Ya ci karo da abin da Turawa ke kira “algal bloom”, wato yawaitar mitsi-mitsin tsirrai a cikin ruwa fiye da kima, ya rasa yadda zai faɗe shi da Hausar da manomi zai ji ya gane ba tare da tafinta ba. Shawarwari sun shigo da yawa, amma kafin mu zaɓi ɗaya ya kamata mu fahimci abin da muke nema wa suna, domin na lura ba abu ɗaya kowa yake nufi ba.

A cikin ruwan kowane kududdufi akwai wasu mitsi-mitsin tsirrai da ido ba ya iya ganin ɗayansu, sai idan sun taru sun rine ruwan ya koma kore. Suna da amfani ƙwarai. Da rana suna fitar da iskar oksijin da kifi ke shaƙa, karfasa tana cin su, kuma suna tare hasken rana ya kasa kaiwa gindin kududdufi, wanda hakan ke hana ciyawa tsirowa daga ƙasa. Shi ya sa mai kududdufin ƙasa yakan zuba kashin kaji da gangan kafin ya saka 'ya'yan kifi. Matsala tana farawa ne idan abincin waɗannan tsirrai, wato naitirojin da fosfaras, ya yi yawa a ruwan, daga ragowar abincin kifin da ya nutse, da kashin kifin kansa, da takin zamanin da ruwan sama ya wanko daga gona. Idan wannan ya haɗu da zafin Maris zuwa Mayu, sai su hayayyafa cikin 'yan kwanaki, ruwan ya koma kamar miyar kuka. Da dare kuwa babu rana, sun daina fitar da oksijin, suna shaƙar wanda ya rage tare da kifin, har ya kai ƙarancinsa gab da asuba. Ruwa mai ɗumi dama ba ya riƙe iska da yawa: abin da lita ɗaya ke ɗauka yakan kai kimanin miligiram 9 a digiri 20, amma a digiri 30 ya sauko wajen 7.5, alhali kifi ya fi sakewa idan ya sami miligiram 5 ko fiye. Wanda ya je bakin irin wannan kududdufi bayan sallar asuba zai tarar da karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki, sun yi cincirindo a wurin da ruwa ke shigowa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, saboda haka takan jure, kuma juriyar tata ce ke sa mai ita ya daɗe bai gane ruwansa ya lalace ba.

Shawara ta farko da aka kawo ita ce “furen gansakuka”, kuma ita ce na fi ƙi. An bi kalmomin Turancin ne ɗaya bayan ɗaya. Fure a wurin manomi albishir ne na amfanin da ke tafe, sannan a kududdufi akwai abin da yake yin fure na gaske, wato bado. Idan aka ce masa ya lura da fure a ruwansa, zai duba bai ga fure ba, ya koma gida da kwanciyar hankali alhali kifinsa na cikin haɗari.

“Gurɓatar ruwa” ta yi faɗi da yawa. Ta ƙunshi ruwan masana'antu, da ruwan kwata irin wanda yake bin Jakara, da man inji da ya zube, kuma ba magani ɗaya suke da shi ba. Wanda ya ce a aro kalmar kawai a ce “algi” yana da hujjarsa, tunda mun karɓi famfo da inji da tamfol ba mu ga aibu ba. Sai dai waɗannan kayayyaki ne da suka zo da sunansu, mutum ya gani ya taɓa. Abin da muke magana a kai kuwa ya daɗe a kududdufanmu tun kafin zuwan Turawa, kuma sunan aro ba zai nuna wa manomi inda zai kai idonsa ba.

Malam mai kiwon kifi da ya rubuto cewa gansakuka ta wadatar, na gode da wannan magana, domin ita ce ta fi kusa da bakin mutane. Amma ina roƙon Malam ya duba abin da Bakano yake nufi idan ya ce gansakuka. Yana nufin koren da yake manne a jikin randa ko bangon rijiya, ko zare-zaren da suke shimfiɗa a saman ruwa, wanda za ka sa hannu ka ɗago shi yana ɗiga. Masana kimiyya sun haɗa wannan da wancan a ƙarƙashin suna ɗaya, amma mai kududdufi ba zai haɗa su ba, saboda aikin da kowanne ke bukata daban ne. Gansakuka mai zare da manjagara ake janye ta, a zubar nesa da baki don kada ta ruɓe ta koma ciki. Wanda ya rine ruwa kuwa ko da rariya ka tace shi zai bi ta wuce. Idan muka ba su suna ɗaya, mutum zai kwashe gansakukar sama ya ɗauka ya gama aiki.

“Ɓarkewar gansakuka” ta fi duk waɗannan, kuma ba zan yi mamaki ba idan gidajen rediyo suka ɗauke ta wajen ba da labarin manyan tafkuna. Abin da ya hana ni karɓarta a takardar manoma shi ne, mun saba jin ɓarkewa tare da annoba, wadda ba a son ko kaɗan daga cikinta. Manomin da aka gaya wa haka zai ɗauki kowane kore a matsayin cuta, ya riƙa zubar da ruwansa mai kyau yana ƙona fetur a injin ban-ruwa, ya kuma raba karfasarsa da abincin da take samu kyauta. Muna bukatar kalmar da za ta nuna cewa akwai gwargwadon da ake so, akwai kuma inda aka wuce gona da iri.

Saboda haka nake ba da shawarar mu kira tsirran da kansu “koren ruwa”, yawaitarsu fiye da kima kuma mu ce “kaurin kore”. Kauri abu ne da kowa ya san ana auna shi, yana da daidai, yana da wuce daidai, kuma auna shi a kududdufi ba ya bukatar na'ura. Mutum ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannunsa a tsaye da hantsi, tafin yana kallon sama. Idan ruwa ya kai gwiwar hannu amma har yanzu yana ganin tafinsa sarai, koren bai isa ba. Idan tafin ya fara ɓacewa wajen gwiwar hannun, wato tsakanin santimita 30 zuwa 45, an dace. Idan kuwa ya ɓace tun bai kai santimita 20 ba, kore ya yi kauri, sai a tashi tsaye: a dakatar da zuba taki, a rage abinci ko a tsayar da shi na kwana ɗaya ko biyu, a sauya wani kaso na ruwan ba dukkansa ba, a kuma kunna inji cikin dare ya riƙa cilla ruwan sama yana faɗowa don ya kamo iska. Na dindindin kuma shi ne a ɗaga jinga kewaye da kududdufin a bar ciyawa ta kama ta, yadda ruwan gona ba zai gangaro ciki da taki ba.

Wannan kalma tana da wata fa'ida da ta sa na ƙara riƙe ta, wato ta zo da kishiyarta a shirye. Abin da ya yi kauri yakan tsinke. Akwai lokacin da tsirran nan suke mutuwa gaba ɗaya, musamman idan hadari ya rufe rana kwanaki a jere a watan Agusta, ko hazo ya yi nauyi da hunturu, ko kuma wani ya zuba magani don ya kashe su a tashi ɗaya. Ruwan sai ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa ko toka-toka, ya fara wari, kuma ruɓewar tsirran tana cinye sauran oksijin ɗin da ya rage. A nan ne ake yin babbar asara. Mu kira shi “tsinkewar kore”, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin murhu zai gane abin da ake nufi.

Hajiya da ta tambaya ko me ya sa ba za a ce “kaurin ruwa” a taƙaice ba, dalilin shi ne laka ma tana sa ruwa ya yi duhu, musamman bayan ruwan sama ko idan shanu sun shiga sun dama shi. A ɗebi ruwan a farar kwalba a ajiye ya kwana. Laka yawanci takan kwanta a gindi ta bar sama garau, kore kuwa yana nan a gauraye. Kalmar “kore” ce ta raba mana su, saboda haka ba za mu yar da ita ba.

Akwai nau'in da ya cancanci a ware shi da suna, domin haɗarinsa ya wuce kifi. Shi ne wanda yake taruwa a sama kamar an zuba fenti, iska ta tura shi gefe guda ya yi kirtif a baki, daidai inda dabbobi ke sa baki su sha. Wasu daga cikin irinsa suna fitar da dafi mai lalata hanta, kuma tun a 1878 aka rubuta labarin dabbobin da suka mutu bayan sun sha daga tafkin Alexandrina a Ostireliya. Wannan sai mu ce “kore mai dafi”, ko da yake ido ba ya iya tantance mai dafin da marar dafin, don haka idan an ga irin wannan shimfiɗa a hana dabbobi da yara zuwa wurin, a ɗebo wa dabbobin ruwa daga rijiya, har sai ta wuce.

Wani ɗan'uwa ya tuna mana cewa wani lokaci saman kududdufi ja yake yi ba kore ba. Gaskiya ne, yana faruwa a ruwan da ya sha taki da yawa, kuma “kaurin kore” ba zai ɗauke shi ba. Ba na ganin wannan ya isa ya rushe shawarar, tunda mafi yawan abin da manomanmu ke fama da shi koren ne, kuma mai fassara zai iya ƙara layi ɗaya ya ce idan saman ruwa ya yi ja, a bi matakan da ake bi wa kaurin kore. Ga ɗan'uwanmu mai takarda, ga yadda nake ganin jimlar za ta zauna: “Ka duba koren ruwanka kowane hantsi. Idan ya yi kauri ka rage abinci ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, idan kuwa ya tsinke ka kunna inji nan take, kada ka jira dare.”