Waɗanda suka zauna cikin jama'a don bincike, me kuka gani?

Ɗalibi daga Kawo:
Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a ilimin zamantakewa. Malamina ya ce in ajiye takardar tambayoyi, in je in zauna cikin 'yan Keke Napep. Hujjarsa maganar Max Weber ce, wani masanin zamantakewa ɗan Jamus: ba a gane abin da mutum ke yi sai an gane ma'anar da shi kansa ya ba abin. Yayyena da suka taɓa yi, ku ba ni labari.

Ɗan Panteka:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi wata huɗu wajen maƙeran Panteka. Da fari takarda na raba. Duk wanda na tambaya nawa yake samu a rana, sai ya ce "Alhamdulillahi". Sai da na fara riƙe musu ƙarfe, muna cin abinci kwano ɗaya, sannan baki ya buɗe. Kuɗin da maigida ke ba yaron shago da yamma, ni albashi na rubuta. A wurin yaron kuwa kuɗin mota ne kawai. Ladansa na gaske shi ne ranar da za a yaye shi ya buɗe nasa shagon. Da takarda na dogara, da ƙarya na kai makaranta ban sani ba.

Maman Hanifa, Rigasa:
Ni adashin mata na shiga, ina zubi kamar kowa. Na ga mace ta bar wa wata kwasarta saboda suna ya taso mata, ba wanda ya kira hakan asara. Abin da ya yi mini nauyi shi ne shaƙuwa. Wata ta faɗa mini sirrin gidanta, ta manta bincike ya kawo ni. Ban rubuta ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Malami daga Tudun Wada:
Ɗana, Malinowski, wani masanin al'adun al'umma, ya yi kusan shekara biyu cikin mutanen tsibiran Trobriand da ke kusa da New Guinea tsakanin 1915 da 1918, har ya iya harshensu. Kai kuwa zango ɗaya gare ka, kuma abin da ka gani a Kawo ba lallai ya zama haka a Sabon Tasha ba. A makonnin farko 'yan Keken za su riƙa gyara zama saboda kai. Fara da shugaban tashar, ka faɗa masa gaskiyar abin da ya kawo ka. Kada ka fito da biro a gabansu. Ka rubuta da dare, tun maganar tana da ɗumi.