Enzayim cikin abincin kaji: wa ya taɓa gwadawa?

Mai kajin Mabera: Salamu alaikum 'yan zaure. Da kaina nake haɗa abincin kajina, masara da waken suya da 'yar dusar alkama. Mai shagon da nake sayen firimis, wato garin bitamin da ake sawa cikin haɗi, ya ce in riƙa sa enzayim, wani gari mai taimaka ma kaji narkar da abinci. Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu kuwa?

Hajiyar Arkilla: Wa alaikumus salam ƙanena. Wane iri ya nuna maka? Suna da yawa fa.

Mai kajin Mabera: Faites anka rubuta jikin ledar, Hajiya.

Likitan dabbobi: To wannan na da amfani, don kaji na buƙatar sinadarin fosfaras wurin gina ƙashi. Kusan kashi biyu bisa uku na fosfaras ɗin da ke cikin masara da waken suya a ɗaure yake, cikin kaza ba ya iya kwance shi, sai ya fita a kashi. Shi ya sa muke sayen DCP, wato gari mai fosfaras da kalsiyam, ko garin ƙashi mu cike. Faites shi ke kwance wancan ɗaurin. Amma ribar tana wajen rage DCP ɗin. In ka sa enzayim ka bar haɗinka yadda yake, ka biya kuɗi sau biyu. Kawo lissafin haɗin a gyara maka, kada ka rage da ka, don ƙafafun kaji da ɓawon ƙwai za su nuna.

Hajiyar Arkilla: Tunda kana sa dusar alkama, nemi wanda ke da zailanes ciki, shi ne enzayim ɗin da ke taimakawa wurin narkar da dusa. Ni da na koma kansa kashin kajina ya daina danƙo, ɗakin ma ya rage jiƙa. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Baban Kware: Yarona, abin da ke kashe enzayim garin nan zafi ne. Watan Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40, ka shiga shagon kwano ka iske ledar buɗe, garin ya dunƙule. Wannan ko kyauta ne bar shi. Sayi kaɗan, ɗaure bakin, aje ɗaki mai sanyi. Wurin haɗi kuma, abin da ake sawa tan guda bai wuce 'yan giram ɗari ba, to fara cuɗa shi da kwano ɗaya na garin masara, ka juye cikin buhu, sannan cikin tarin.

Mai kiwon Bodinga: Likita, ragunan layya fa, a sa musu?

Likitan dabbobi: A'a malam, ƙwayoyin da ke tumbinsu suna wannan aikin da kansu. Kuma mai Mabera, waken suyarka a gasa shi sosai, ɗanye na hana narkewar furotin. Masara mai fumfuna ma enzayim ba ya gyara ta.

Mai kajin Mabera: Na gode ƙwarai. Likita, bayan la'asar zan turo maka lissafin haɗin.